Alhaki ya bi Alhaji Abdu, wa ya bi wa Rabi haƙƙinta?

Shekara talatin da ɗoriya ke nan da fitowar Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, amma har yau in ana zancen saki a adabin Hausa da wuya a tashi ba a ambace shi ba. Ya fito a 1990, lokacin da rubutun da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano yake tashe, ana kuma yi wa marubutansa kallon masu ɓata tarbiyya. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi masa, labarin Rabi ya shiga hannun mutanen da ba su taɓa taka Kano ba. An yi ta nazarinsa ta fuskar kishi da auren mace fiye da ɗaya. Ni tambaya ɗaya nake so in yi masa, kuma daga ƙauye zan yi ta, daga ƙasar Bagwai: wa ya wajaba ya ciyar da 'ya'yan Rabi, kuma me ya sa labarin bai bi sawun wannan bashi ba?

Ga wanda bai karanta ba, ga gundarin labarin. Rabi matar aure ce a birnin Kano, mai 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannunsa, amma a gida hannun nan a dunƙule yake, abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai gidan ko'ina sai Rabi ta yi ciko. Ana cikin haka ya auro Delu, wadda ta daɗe tana zaman kanta. Ba a jima ba rigima ta tashi, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta ita da yaran. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe su. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar, sauƙi ya fara shigowa. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa shago, arziki ya gudu, Delu ta juya masa baya. Ya dawo yana neman gafara, aka taru a kan Rabi har ta karɓe shi, ba don ranta ya so ba.

Abin da littafin ya iya

Kafin suka, a faɗi alheri. Ƙarfin wannan littafi yana cikin lissafinsa. Yawancin littattafan soyayya na zamaninsa a zaure suke tsayawa, wurin zance da wasiƙa da bugun zuciya. Hajiya Balaraba ta wuce da mu har madafi, ta buɗe tukunya ta nuna mana abin da ke ciki. A wurinta zaluncin miji abu ne da ake iya ƙirgawa: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, suturar yara, da abin da ake ɓarnatarwa a kan amarya alhali waɗannan ba su samu ba. Wanda ya san yadda rayuwa ta yi tsada bayan gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP a 1986 zai gane dalilin da ya sa mata da yawa suka ga kansu a jikin Rabi.

Marubuciyar kuma ba daga nesa ta hango abin ba. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren ya mutu, sai daga baya ta koma neman ilimi a ajin manya. Shi ya sa ba ta yi wa zawarci ado, ba ta kuma mai da shi abin tausayi kawai.

Akwai masu jin haushin ƙarshen labarin, suna ganin marubuciyar ta miƙa wuya ga al'ada da ta mayar da Rabi hannun wanda ya wulaƙanta ta. Ni a ganina nan ne wuri mafi gaskiya a littafin. Ya nuna yadda ake yanke wa mace hukuncin rayuwarta a zaman da ba muryarta ce ke da rinjaye ba, a tashi a ce an yi sulhu. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san ba ƙari ta yi ba.

Kalma biyu, tushe ɗaya

Matsalata tana wani wurin, kuma sunan littafin ne ya fara tona ta. Karin maganar kowa ya san ta: alhaki kwikwiyo ne, ubangidansa yakan bi. Alhaki da haƙƙi daga kalmar Larabci ɗaya suka fito, amma Bahaushe ya raba musu aiki. Alhaki na wanda ya yi zalunci ne, shi yake bi, Allah ne kuma yake sako shi a lokacin da Ya so. Haƙƙi na wanda aka zalunta ne, ana auna shi da mudu ko a ƙirga shi da naira, mutum ne yake biyan sa, in ya ƙi alƙali ya tilasta masa.

Littafin ya bi kwikwiyon nan har ƙofar Alhaji Abdu. To amma gobarar da ta cinye shagon ba ta kai ko ƙwayar shinkafa ɗaya tukunyar Rabi ba. Hasali ma dukiyar da ta ƙone ita ce wadda ya kamata a riƙa ɗiban abincin yaran daga cikinta. Mai karatu yana jin sanyi a ransa, yana cewa Allah Ya ƙara, bai lura cewa cikin abin da wuta ta lashe har da tuwon yara tara da kuɗin makarantarsu ba. Kafin gobara Alhaji Abdu mawadaci ne mai hana haƙƙi, wanda alƙali zai iya matsawa ya biya. Bayan gobara ya zama matalauci, kuma matalauci shari'a ba ta ɗora masa abin da ba shi da shi. Ƙarshenta ma shi kansa ya dawo ya zama ƙarin baki a tukunyar Rabi.

Abubuwa uku ne suka daidaita labarin: ƙarfin hannun Rabi, suruki attajiri, da ƙaddara. Babu ɗaya a cikinsu da yake haƙƙinta ne ko na yaranta a kan ubansu. Mai karatu zai rufe littafin ya tabbata an zalunci Rabi, amma ba zai tashi da sanin cewa akwai abin da za ta iya nema da sunansa da adadinsa ba.

Abin da ke rubuce tun tuni

Ba wata sabuwar doka daga Turai nake nufi ba. Littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su nake nufi, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano har Sakkwato: Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba shari'o'in aure da rabuwarsa da riƙon yara da gado tsakanin Musulmi, kuma da mazhabar Malikiyya ake aiki a kotunan Kano. Mu ɗora labarin Rabi a kan wannan ma'auni.

Na farko, korar da aka yi mata. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita da kanta. A nan za ta yi idda: tsarki uku ga mai jinin al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. In sakin da ake iya kome ne, ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji har iddar ta cika. In wanda ba kome ne, wurin zama yana nan a kansa, in tana da ciki har da ciyarwa. Akwai kuma kyautar sallama da ake kira mutu'a, wadda Malikiyya suke ganin mustahabbi ce.

Na biyu, reno, wato abin da malamai ke kira hadana. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da 'ya'yanta bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Wannan wa'adi ya fi na sauran mazhabobi tsawo. In uwar ta rasu, ko ta auri wani bare ta tare, renon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye. Kakar yara ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Akwai sharuɗɗa, kamar hankali da amana da amintaccen wurin zama, akwai kuma hukuncin uban da zai ƙaura zuwa gari mai nisa, amma asalin ke nan.

Na uku, ciyarwa. Tana kan uba gwargwadon ƙarfinsa, ko yaran suna gidansa ko suna hannun uwarsu: namiji har ya balaga yana mai iya nema, mace har ta tare a gidan miji. A Malikiyya ba a wajabta wa uwa ciyar da 'ya'ya daga dukiyarta ko da tana da hali. Wadda aka yi wa sakin da ba kome, in tana shayarwa, tana da damar neman ladan shayarwar.

Na huɗu shi ne wanda ya fi taɓa labarinmu. Malaman mazhabar sun ce ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai fa in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Ma'ana, duk watan da Rabi ta shafe tana suya da tuƙi ta ciyar da yaranta don Allah, ba ta je gaban alƙali ba, ba ta kuma kafa shaida cewa bashi take bin ubansu ba, wannan watan ya tafi. Haƙurin da labarin yake yaba mata yana da farashi, kuma Alhaji Abdu ne yake cin ribarsa.

A kai Rabi Bagwai

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta ba a yarda da manhaja don ta yi aiki sau ɗaya a hannun wanda ya rubuta ta. Sai an canza abin da ake zuba mata an ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Mu yi wa maganin da littafin ya bayar irin wannan gwaji. Mu ɗauke Rabi daga birni mu kai ta ƙasar Bagwai, arewa maso yammacin Kano, maƙwabciyar Bichi da Shanono, inda ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 160,000. Ƙasa ce ta noma, gona na jikin gona, gado yana ta daddatsa ta. Da damina gero da dawa da gyaɗa, masu fili a ƙarƙashin madatsar ruwan Watari kuma suna ƙarawa da shinkafa da tumatir da albasa. Wanda ba shi da filin rani, da an gama kaka sai ya ɗauki jaka ya tafi cirani.

A ce Rabi a Gogori take, ko Kiyawa, ko Rimin Dako. Me zai rage cikin abubuwa ukun da suka cece ta?

Sana'ar abinci a birni tana da masu saye: leburori, direbobi, 'yan kasuwa, gwauraye. A ƙauye kowa daga rumbunsa yake ci. Abin da ya rage wa mace shi ne fura, ƙosai, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ribar da ba ta riƙe mutum goma. Ita ma sai da 'yar talla, kuma 'yar tallar nan yarinyar da ya kamata a ce tana aji ce.

Suruki attajiri kuwa, sa'a ce da ba a gina rayuwa a kanta. Abin da ya fi damuna ma shi ne darasin da ke ɓoye a ciki: cewa mafitar bazawara tana cikin auren 'yarta. A gidan da ba abinci, wannan darasi yana nufin a aurar da yarinya da wuri don a rage baki. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Hajiya Balaraba ta yaƙa a ɗaya littafin nata, Wa Zai Auri Jahila?, inda aka raba Abu da makaranta aka ba tsoho. Abin da ya zama rahama ga Saudatu a birni, in aka kai shi ƙauye sai ya haifi wata Abu.

Gobara kuma, in ta kama rumbun manomi, yaran da ke cikin gidan ne za su fara kwana da yunwa.

Sai dai babban bambancin yana gaba. Rabin ƙauye ba za ta fita da 'ya'ya tara ba. Abin da aka saba gani a karkarar ƙasar Hausa shi ne, takarda na shiga hannunta sai ta naɗe tabarma ta nufi gidan ubanta, a can za ta yi idda. Na goye kawai za ta tafi da shi, shi ma da an yaye shi uba zai aiko a ɗauko masa ɗansa. Sauran suna hannun kakarsu ta wajen uba in an yi dace, in ba a yi ba suna hannun matar uba. Namijin da ya tasa a kan tura shi almajirci, macen kuma ta ɗauki faranti. Ita uwar, rumbun ubanta ba zai daɗe yana ɗaukar ta ba, don haka idda na cika sai a fara duban wanda zai fito. In ta yi ƙarfin halin tafiya da ɗa gidan sabon miji, sunansa agola, kuma kowa ya san nauyin wannan suna.

Rabin birni ta sami yara ba ta sami abincinsu ba. Rabin ƙauye an bar wa yara abinci an raba su da uwarsu. Ciwo biyu ne, amma daga kuskure ɗaya suka taso. Al'ada ta tufke reno da ciyarwa ta mai da su igiya ɗaya, sai uba ya ce: in kin tafi da su ki ci da su, in ni zan ci da su to a gidana. Fiƙihu kuwa igiya biyu ya yi su, ya damƙa wa uwa ɗaya, ya rataya wa uba ɗaya. Alhaji Abdu ya saki tasa igiyar, magidancin ƙauye ya ƙwace ta matarsa. Littafin da zai nuna wa mai karatu wannan tufka ya kuma warware ta a gabansa, shi ne wanda har yanzu muke jira.

Kada a ce matan ƙauye ba su san ƙofar alƙali ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi aure huɗu, kuma labarinta cike yake da matan karkara da suka san yadda ake kashe auren da ba a so. Abin da aka fi sanin mata da kai wa alƙali shi ne neman a raba. Nan ma akwai tarko. A hul'i mace ce ke fansar kanta, kuma Malikiyya sun yarda fansar ta zama sarayar da haƙƙin reno. Matar da ta ƙosa ta fita, ba ta da kuɗin mayar da sadaki, tana iya sayar da 'ya'yanta da bakinta ba ta san girman abin da ta yi ba. Alhali in ta tabbatar da cutarwa, alƙali na da ikon raba auren ba ta biya ko sisi ba, in ma ta riga ta biya a mayar mata.

Hukuma ma suruki take nema

Ba marubuta kaɗai ne suke neman Alhaji Abubakar ba. A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fito da zawarawa kan titin Kano don kuka da yawan saki, Hukumar Hisba ta hana. Shekara uku bayan nan, a 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso da Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa suka fara auren zawarawa da mata 100. A Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura na mutum 1,800 da angwayensu. Ba na raina wannan aiki, gado da katifa da ɗan jari ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ba ta da komai. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa irin na littafin ne: maganin miji da ya gudu daga nauyinsa shi ne a samo wani mijin. Yaran mijin farko fa? Kuma kamar yadda muka gani, sabon auren shi ne yake sauke uwa daga reno ya miƙa wa mahaifiyarta, tsohuwar da ita ma sai an ciyar da ita.

A Fabrairun 2017, wurin taron cika shekara 50 da rasuwar Jakada Isa Wali, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa malamai suna shirya daftarin dokar iyali da za a kai majalisa. Daftarin ya shafi aure da saki da ciyarwa da riƙon yara, amma muhawarar da ta biyo baya kusan duk a kan magana ɗaya ta ƙare, wato hana wanda ba shi da hali ƙara aure. Har aka sauke Sarkin a Maris ɗin 2020 daftarin bai zama doka ba. Yadda masu karatu suka shagala da faɗan Rabi da Delu suka manta da tukunya, haka jama'a suka shagala da zancen kishiya suka manta da yara.

Wasu ƙasashen Musulmi sun tunkari abin ta ƙofar haƙƙi. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 da ke biyan matar da kotu ta yanka wa kuɗin ciyarwa mijin ya ƙi biya, sannan asusun ya bi mijin bashi. Masar ta yi irin wannan a 2004 ta hannun Bankin Nasir. Maroko, wadda mazhabarmu ɗaya da ita, ta sabunta dokar iyalinta a 2004 ta mayar da saki ƙarƙashin kulawar kotu. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, don haka tambayar wa zai ciyar da ɗan da ubansa ya gaza ba baƙuwa ba ce a tsarinmu.

Amsar da za a ba ni

Za a ce labari ba littafin fiƙihu ba ne, marubuci abin da ke faruwa yake nunawa, kuma mata irin Rabi da yawa ba sa kai uban 'ya'yansu ƙara. Gaskiya ne. Akwai kunya, akwai tsoron a ce ta tona wa yaranta asiri, akwai kuɗin mota da na sammaci, akwai iyayen da za su ce ba a gidanmu ba. Amma waɗannan dalilai su kansu labari ne, kuma labarin yana da zafi fiye da gobara. Matar da ta san tana da haƙƙi ta kasa nema ta fi wadda ba a taɓa nuna mana ta sani ba nauyi a zuciyar mai karatu.

Ba Hajiya Balaraba kaɗai ta bi wannan hanya ba. A littafin Mariama Bâ ta Senegal, Une si longue lettre, na 1979, miji ya watsar da Ramatoulaye da 'ya'ya goma sha biyu ya tare wurin yarinya. Abin da ya riƙe ta albashinta ne na koyarwa, ƙawarta Aïssatou kuma karatu ne ya fitar da ita da 'ya'yanta huɗu. A can ilimi, a nan sana'a da suruki. Duka biyun sun bar uba ya sulale daga lissafi.

Wanda ya fara share hanya ba a zarge shi don bai kai ta ƙarshe ba. Ƙorafina ya fi karkata ga mu da muka biyo baya. Duba labaran da ake rabawa a WhatsApp da Wattpad, da finafinai masu dogon zango. Sau nawa ka ga mugun miji ya yi hatsarin mota, ko ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ko amarya ta gudu da dukiyarsa? Sau nawa ka ga bazawara ta haɗu da wani hamshaƙi mai gida a Abuja? Mun gaji gobarar Hajiya Balaraba da surukinta, mun bar lissafinta, alhali lissafin ne abin gado. Matan da ke karanta waɗannan labarai a waya, ko ake karanta musu a rediyo, suna koyon yadda ake jiran sakayya, ba sa koyon yadda ake neman abin da yake nasu.

Labarin da ke jiran marubuci

Ga mai neman abin rubutawa, ƙasar Bagwai ta isa. A ɗauki mace mai 'ya'ya huɗu, mijin yana cirani a Legas, sakin ya zo ta saƙon waya. Ta fara da mai unguwa, aka tura ta wurin dagaci, aka ce ta yi haƙuri. Mahaifinta yana tsoron ɓata zumunci domin mijin ɗan ƙaninsa ne, gonarsu ma ɗaya ce ba a raba ba. Mahaifiyarta ce, wadda ita ma an taɓa raba ta da ɗa, ta ce a je kotu. Sammaci ya rasa inda zai sami mijin sai da damina ta dawo da shi.

Sannan ga alƙali da tasa matsalar. Manomi ba shi da albashin da za a datsa duk wata. Amma malaman Malikiyya sun ce ana ƙaddara ciyarwa bisa yadda mutum yake samu, ko kullum, ko mako, ko wata, ko shekara. Zai yanka buhun gero ne da kaka, da na shinkafa in an yi girbin rani? Wa zai tsaya a masussuka ya ga an auna? In fari ya zo fa? In mai neman aurenta ya fito, ta san tarewa za ta sauke ta daga reno, za ta zaɓi rufin asiri ko 'ya'ya? Shi kansa mijin ba sai an mai da shi dodo ba. Yana iya zama mutumin da ya yi imani da zuciya ɗaya cewa ɗa na uba ne, barin sa a gidan wani kuma abin kunya ne, har ranar da malamin da yake girmamawa ya buɗe masa Risala.

A irin wannan labari ba wanda zai ƙone, ba attajirin da zai tsaya da mota a ƙofar gida. Abin da ake taƙaddama a kai buhu biyu ne ko uku, da kuma inda yarinya 'yar shekara bakwai za ta kwana. Hajiya Balaraba ta riga ta koya mana cewa ana iya gina littafi a kan kuɗin cefane mutane su karanta shi shekara talatin. Saura wanda zai ɗauki wannan lissafi ya kai shi gaban alƙali, ya tsaya har a auna wa Rabi abin da yake nata.